Kyamara mai ido biyu: ina ainihin bambancin Rolleiflex, Yashica, Minolta da Mamiya yake?

Duk wanda ya fara sha'awar tsofaffin kyamarorin fim masu ido biyu, irin waɗanda ake ratayawa a wuya a sunkuya ana leƙawa ta sama, tambayar da yake fara yi ɗaya ce, wai wacce ce ta fi fitar da hoto tar? Sai a ce masa ai Rolleiflex ce, musamman mai gilashin da ake kira Planar, ya je ya ji kuɗinta gabansa ya faɗi, ya koma yana ganin duk abin da zai iya saya bayan ita maneji ne kawai. Wannan tunanin yana damuna gaskiya, don ya hana mutane da yawa riƙe kyamara mai kyau wadda kuɗinsu zai kai. Sunan da aka rubuta a jikin gilashi yana da tasiri, ban musa ba, amma tasirinsa a wurare ƙalilan yake fitowa, kuma lafiyar kyamarar da ta shekara 60 ko 70 a duniya ta fi sunan nan nauyi nesa ba kusa ba.

Da farko dai idanun nan biyu ba aiki ɗaya suke ba. Na sama na kallo ne, haske yana shiga ta cikinsa ya bugi madubin da aka karkata a ciki, ya hau kan allon gilashin da kake leƙawa, shi ya sa ma kake ganin hagu ta koma dama. Na ƙasa shi ne mai ɗaukar hoto, a cikinsa shota take, wato abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, da ƙofar haske da ake buɗawa ko matsewa, shi ke kai hoton kan fim. Duka biyun a kan faranti ɗaya aka ɗaure su, idan ka murɗa saiti tare suke gaba tare suke baya. To duk maganar ingancin hoto a kan na ƙasan take. Na san masu kallon Yashica Mat-124G su ga an rubuta 2.8 a idon sama su ɗauka sun samu kyamarar f/2.8 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske ne, ƙaramar lamba ƙofa mai faɗi), alhali na ƙasan f/3.5 ne, wancan an faɗaɗa shi ne don allon kallo ya yi haske kawai. Fim ɗinsu kuma 120 ne, wanda Kodak ta fito da shi tun 1901, hoto 12 kake samu a naɗi ɗaya, kowanne murabba'i santimita 6x6, a zahiri wajen milimita 56 kowane gefe. Faɗin negatif ɗin nan ya ninka na fim ɗin 35mm fiye da sau 3, kuma wannan kaɗai yana rufa wa gilashi mai matsakaicin kyau asiri, tunda ba sai an buɗa hoton sosai ba wajen wanki.

Yanzu ga inda maganar take. A cikin idon nan na ƙasa gilasai ne a jere, kuma kusan duk kyamarorin nan gida 3 suka kasu idan ka ƙirga gilasan.

Gida na farko masu gilashi 3, tsarin da wani Bature ɗan Ingila, H. Dennis Taylor, ya ƙirƙira a 1893. Su ne Triotar na tsofaffin Rolleicord, Novar na wasu Ikoflex, Yashikor na Yashica-A da yawancin Yashica-D, da T-22 na Lubitel ɗin Rasha. Idan ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya tsakiyar hoton tana fitowa lafiya amma gefe-gefe da kusurwoyi sai su yi laushi, wani lokacin ma bayan mutum ya riƙa yin kamar yana juyawa, musamman idan ganyayen bishiya ne a bayansa. Sai ka matse zuwa f/8 ko f/11 sannan gefen ya farfaɗo. Ga hoton mutum ɗaya a tsakiya wannan laushin ba aibi ba ne sam, fuska tana fitowa da taushi mai daɗin kallo, amma ka jera mutum goma sha a hoton biki ka buɗe ido duka, na ƙarshen layi ba za su gode maka ba.

Gida na biyu masu gilashi 4, wato tsarin Tessar da Paul Rudolph ya yi wa kamfanin Zeiss a 1902. Abin da ya yi shi ne gilashin baya ya zama guda biyu manne da juna, sai gyaran gefen hoto ya ƙaru sosai ba tare da an ƙara fuskokin da haske zai yi ta karo da su ba. Nan ne taron yake, Tessar kansa a Rolleiflex Automat da Rolleiflex T, Xenar na Schneider a Rolleicord na baya-baya, Yashinon a Yashica-Mat, Rokkor a Minolta Autocord, Rikenon a Ricoh Diacord, Belar a Flexaret ta ƙasar Chekoslobakiya. Sunaye daban-daban amma asali ɗaya, dukansu 75mm ko 80mm (ƙaramar lamba ido mai ɗaukar faɗi, babba mai jawo nesa), dukansu f/3.5. A buɗe duka tsakiya tana da kaifi gefe ya ɗan saki, daga f/5.6 abu ya fara zama, a f/8 zuwa f/11 kuwa hoton tsaf yake daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Gida na uku su ne manyan, Planar na Zeiss da Xenotar na Schneider, masu gilashi 5, wasu na f/3.5 na baya-baya ma 6. Abin mamaki Planar ya girmi Tessar, tun 1896 Rudolph ɗin nan ya zana shi, amma ya daɗe ba a cin moriyarsa saboda dalili ɗaya. Duk fuskar gilashin da ba a yi mata shafe ba, wato ɗan siririn rufin da ke hana haske komawa baya, tana mayar da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na hasken da ya same ta, hasken nan kuma ba ɓacewa yake ba, yawo yake a cikin ido ya dawo ya sauka kan fim ya dusashe baƙin hoto. Mai gilashi 3 da Tessar fuskoki 6 suke da su masu taɓa iska, irin su Planar 8 ne, to kafin shafe ya zo asarar ta yi yawa. Sai da Alexander Smakula na Zeiss ya samar da hanyar shafe gilashi a 1935, abin ya yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu, sannan aka fara ganin Xenotar da Planar a Rolleiflex a farkon shekarun 1950, daga samfurin 2.8C, har aka zo kan 3.5F a 1958 da 2.8F a 1960 waɗanda har yau su ake wa kallon ƙololuwa.

To me kuɗin nan mai yawa yake saya maka? Yana saya maka f/2.8 da f/4 masu kaifi har gefe. Idan aikinka cikin ɗaki ne da hasken taga, ko bayan la'asar sakaliya rana ta yi sanyi, ko kana son ido ɗaya na mutum ya fito tar bayansa ya narke, to nan Planar da Xenotar suna yin abin da Tessar ba zai iya ba, kuma duk mai ido zai gani. Amma a fita waje da rana a matse zuwa f/8 ko f/11, a ɗora Rolleiflex 2.8F da Autocord mai lafiya a kan ƙafar kyamara guda, a wanke hotunan girman da mutane suka saba rataya wa a bango, wallahi da wuya ka ce ga na wannan ga na waccan. A ganina tsallen da ke tsakanin gilashi 3 da 4 ya fi na tsakanin 4 da 5 girma ga yawancin hotunan da mutum zai ɗauka. Tsakanin f/2.8 da f/3.5 ma bai kai mataki ɗaya cikakke na haske ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, amma saboda shi kyamara ta ƙara nauyi, kuɗi ya ƙaru, har matatar haske da hular ido, wadda ke kare ido daga hasken gefe, sai ka nemi masu babban bakin da ake kira Bay III waɗanda suka fi masu ƙaramin baki na Bay I tsada da wuyar samu. Musun Planar ko Xenotar kuwa ban ga abin tsayawa a kai ba, wanda ka samu mai tsabta a cikinsu shi ne ya fi.

Akwai wata 'yar dabara ta gane ko gilashi 3 ne ko 4 idan sunan ya ruɗe ka, don Yashica-D misali akwai mai Yashikor akwai mai Yashinon na ƙarshe-ƙarshe, Seagull ta Shanghai ita ma akwai masu 3 akwai masu 4. Ka buɗe bayan kyamarar, ka bar shota a rufe, ka haska ƙaramar tocila a gilashin baya ka ɗan karkata. Idan ɗigon haske biyu masu ƙarfi kawai ka gani to gilashi ɗaya ne a bayan, mai 3 kenan. Idan ka ga biyu masu ƙarfi da wani na uku ɗan dishi-dishi yana bin su, wannan na ukun daga wurin mannewar yake fitowa, irin Tessar ce a hannunka.

Amma fa duk wannan lissafin a kan kyamarar da ta fito daga kamfani jiya ne. Wadda za ka samu yau ta hannu ce, ta bi ta hannun mutanen da ba ka sani ba, wataƙila ta taɓa faɗuwa ta fuska, kuma nan ne nake ganin ake tafka asara. Farantin da idanun suke kai idan ya ɗan karkace ko da kaurin takarda ne, gefe ɗaya na hoton zai fito da kaifi ɗayan ya yi laushi, Planar ko ba Planar ba. Haka idan wani mai gyara ya taɓa kwance idon sama bai mayar da shi daidai ba, ko an canja madubi da wanda kaurinsa ya bambanta, ko an juya allon kallo, sai ka saita a kan idon mutum hoton ya fito kunnensa ne mai kaifi, ka yi ta zargin gilashi alhali shi ba ruwansa. Gwajin ba wuya. Ka ɗora ta a kan ƙafa ko tebur, ka buɗe baya, ka sa shota a B, wato saitin da take zama a buɗe muddin kana danne da maɓalli, ka riƙe ta a buɗe, ƙofar haske a buɗe duka, ka manna 'yar takarda mai shara-shara a miƙe daidai kan layukan da fim yake kwanciya, sai ka saita wani rubutu da ke nesa da kai kamar mita biyu ta allon sama, sannan ka duba takardar da gilashin ƙara girma. Idan rubutun ya fito tar a duka biyun, idanun suna magana da juna. Idan ba haka ba, sai an kai ta gyara kafin a yi maganar kaifi.

Sai hazo da fumfuna. Ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba, shota a buɗe. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kar ta tsorata ka, ko ɗan ƙarce ɗaya a gilashin gaba da wuya ya nuna a hoto. Abin gudu shi ne yanar nan fara mai kama da tururi a gilashin da ke kusa da shota, wadda tsohon mai yake haifarwa idan ya yi zafi ya tashi, da zare-zaren fumfuna waɗanda idan suka daɗe sukan cinye shafen har su bar tabo, da kuma launin bakan gizo a gefen gilashi mai nuna mannewar ta fara rabuwa. Da yawan ƙananan ƙarce birjik a gilashin gaba, wanda ke nuna mai ita da bakin riga yake gogewa, tsohon shafe kuwa laushi gare shi. Planar mai hazo, Yashikor mai tsabta zai ba shi kashi, wannan ba ƙari ba ne. Mu da muke da damina mai laima da hunturu mai ƙura sai mun ƙara kula, kar a kulle ta cikin jakarta ta fata a jefa ƙasan akwati a watan Agusta, fatar nan tana riƙe laima, gara a aje ta inda iska ke ratsawa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne kwanciyar fim. A Rolleiflex da Yashica fim yana tasowa daga ƙasa, ya yi kwana a kan wani ɗan abin birgima sannan ya hau bayan ido. Idan ka bar fim a ciki kwana da kwanaki, wurin da ya tsaya a kwanar yana ɗan lanƙwashewa, kuma wannan lanƙwasar ce za ta shigo cikin hoto na gaba. Minolta da ta fito da Autocord a 1955 sai ta juya abin, fim ya taso daga sama ya sauko a miƙe, sai bayan an ɗauki hoton yake yin kwana. Ina ganin wannan na cikin dalilan da Rokkor ɗinta ya yi suna haka, gilashin mai kyau ne ƙwarai, amma kuma fim ɗin a kwance yake sumul a bayansa. Ni a cikin masu gilashi 4 ita nake fara nunawa mutum. Matsalarta ɗaya ce sananniya, saitinta da wani ɗan hannu ake yi a ƙarƙashin ido, ana tura shi hagu da dama, ƙarfensa kuma mai gautsi ne, idan giris ya bushe mutum ya matsa da ƙarfi sai ya karye. Idan ka ji yana da tauri kar ka tilasta, a fara sa mata sabon giris.

Yashica Mat-124G ita ce mutane suka fi sani don ta daɗe ana yinta, daga 1970 har 1986, ke nan ƙuruciya gare ta a cikinsu, allon kallonta da haske, hannun naɗa fim irin na Rolleiflex, Yashinon ɗinta kuma ba abin rainawa ba ne. Inda take kasawa cikin akwatin ne, bangon ciki yana ɗan ƙyalli, idan rana tana gabanka haske sai ya wanke hoton, shi ya sa hular ido wajibi ce a kanta, wasu ma har baƙin ƙyalle mara sheƙi suke mannawa a ciki. Haƙoran naɗa fim ɗinta ba su kai na Jamus ƙwari ba, a hankali ake juya ta. Mitar haskenta da batirin makuri mai 1.35V aka yi ta, an daina yinsa, na yanzu mai 1.5V yana sa ta karanta ba daidai ba, don haka kar ka ƙara ko sisi saboda mita, ta waya ma ta ishe ka. Kuma kar a taɓa kunna agogon da ke jinkirta ɗauka don mai hoto ya shiga ciki alhali maɓallin filasha yana kan alamar M, yana iya cije shota.

Rolleicord kuwa ita ce ake mantawa da ita, kuma abin yana ba ni takaici. Kamfani ɗaya ne da Rolleiflex, Franke & Heidecke na garin Braunschweig a Jamus, sun fito da Rolleiflex a 1929 sannan Rolleicord a 1933 don masu ƙaramin ƙarfi. An rage mata kayan alatu, da murɗi ake naɗa fim, shota kuma sai ka ɗana ta da kanka, allon kallon tsofaffin yana da duhu, amma Xenar ɗin da ke kan samfurin III zuwa Vb daidai yake da Tessar a aiki, ba ta kai kilo ɗaya ba, kuma ƙarancin kayan ciki yana nufin ƙarancin abin lalacewa. Tana da abin da Yashica ba ta da shi, wani ɗan firam a ƙarƙashin allon kallo da ke motsi idan kana saiti, yana gyara bambancin abin da idon sama yake gani da na ƙasa. Abin da Rolleiflex ta fi ta da shi sauri ne da daɗin hannu, tun daga Automat ta 1937 kana zura fim tsakanin 'yan birgima biyu ita da kanta take jin inda fim ya fara ta tsaya a hoto na 1, juyi ɗaya na hannu ya naɗa fim ya ɗana shota. Ga mai aikin sitidiyo ko ɗan jarida wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rolleiflex ce mai hoton nan Sanlé Sory ya riƙe a sitidiyonsa na Volta Photo a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso tun shekarun 1960, irinta kuma mai hoto Vivian Maier ta yi ta yawo da ita a titunan Chicago, kuma hotunansu suna nuna wani abu da duk kyamarorin nan suka yi tarayya a kai, ana ɗauka ne daga wajen ƙirji ko cibiya, mai hoto kansa a sunkuye, shota ba ƙara, wanda ake ɗauka ba ya jin an tsare shi da ido, sai ya fito da kwarjini.

Mamiya ita daban take, kusan wani jinsi ne. C220 ta 1968 da C330 ta 1969 ana cire musu idanun duka biyu a sa wasu, daga 55mm mai faɗi, 65, 80, 105, 135, 180 har 250mm, kowane da shotarsa a jiki. Rollei, wato masu yin Rolleiflex, sai da ta yi kyamara sukutum daban don wannan, Tele mai 135mm a 1959 da mai faɗi 55mm a 1961, kuma kuɗinsu ba a magana. Sannan gaban Mamiya yana miƙewa a kan wata jaka mai naɗewa kamar zuga-zugin maƙera, don haka tana matsowa kusa da abu sosai, alhali sauran duk wajen mita ɗaya suke tsayawa sai an ƙara musu gilashin kusa irin Rolleinar. Fim ɗinta ma a miƙe yake tafiya ba kwana. Ga mai son hoton fuska cike da firam, C330 da 135mm ko 180mm ta fi kowace Rolleiflex mai 80mm dacewa, don idan ka matso da 80mm kusa hanci yana ƙara girma. Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi, da ido 80mm tana kai wa wajen kilo 1.7, ba abar ratayawa a wuni ana yawo ba ce, kuma idan ka matso kusa sai ka lura da 'yar allurar da ke saukowa a allon C330 tana nuna maka inda saman hoton zai yanke, in ba haka ba ka sare wa mutum hula. Wajen sayen idanunta a fi neman baƙaƙen, masu farin ƙarfe sun fi tsufa kuma kayan gyaran shotarsu ya yi wuya.

Lubitel ba zan ce kar a saya ba, tana da arha da sauƙin ɗauka, kuma a f/11 tana ba da mamaki, sai dai saitinta ta wani ɗan da'ira ne a tsakiyar allo mai wuyar gani, fim kuma ta jar taga ake ƙirga shi, wanda ya fara da ita zai iya zaton duk masu ido biyu haka suke da wahala.

Idan ɗan uwa ya zo min da kuɗin da ba su kai na Rolleiflex F ba, abin da zan ce masa ya nemi Autocord ko Rolleicord mai Xenar ko Yashica-Mat mai Yashinon, duk wadda ya samu gilashinta garau, farantinta a miƙe, shotarta tana tafiya daidai har a sakan 1 ba ta jan ƙafa. Ragowar kuɗin ya sayi hular ido ta Bay I, ya biya mai gyara ya wanke shota ya daidaita idanun, sauran ya zuba a fim. Wanda kuma ya san aikinsa a f/2.8 yake, cikin ɗaki ko da magariba, to ya daure ya tara ya sayi Planar ko Xenotar ɗin, amma shi ma ya tafi da tocila da 'yar takardarsa, kar ya biya sai ya buɗe bayanta ya gwada.